Kasuwar da Ake Cinikin Kiɗa da Rawa a Abijan

Da la'asar sakaliya iska takan taso daga tafkin Ebriye ta ratsa harabar Fadar Al'adu da ke unguwar Treichville a birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa. A lokacin ne ake kunna fitilun dandamali, masu gyaran sauti na ta ƙwanƙwasa makirfo, matasa na tururuwa ta babbar ƙofa. A bayan labule wata ƙungiyar makaɗa na jiran kira. Mai ganga yana ɗame fata, mai jita yana murɗa kunnuwanta. Sun shafe watanni suna shiri, wasunsu sun kwana biyu a hanya, amma lokacin da aka ba su bai kai awa guda ba.

Kiɗa na tashi sai fili ya kasu biyu. Ga 'yan gari, waɗanda tun waƙar farko suka cashe. Ga kuma wasu 'yan tsiraru a gefe, kowa da kati rataye a wuya, ba rawa, tafi ma sai jefi-jefi. Wannan na rubutu a ɗan littafi, wancan ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, wata kuma tana ƙirga mutanen da ke kan dandamali da yatsa, domin a wurinta kowane kai tikitin jirgi ne da ɗakin otal. Saboda masu katin nan makaɗan suka zo.

Masar da ba a soyawa a tanda

Bahaushe in ya ji an ce MASA, waina zai tuna. A nan kuwa taƙaitaccen suna ne na Faransanci, ma'anarsa kasuwar wasannin dandamali ta Abijan. Duk bayan shekara biyu take ci, tsawon kwana takwas, a watan Maris ko Afrilu. Ana baje kiɗa da waƙa, rawa, wasan kwaikwayo, tatsuniya, barkwanci, wasan 'yar tsana, tsalle-tsalle da alkafura, da waƙar baka ta zamani da matasa ke kira slam.

Abin da ya raba ta da bikin al'adu na yau da kullum shi ne baƙin da take gayyata. Daraktocin gidajen wasa, masu shirya bukukuwan kiɗa, wakilan kamfanonin faifai da dillalan 'yan wasa sukan zo daga Turai, Amurka, Asiya da sauran sassan Afirka, don su ga haja da idonsu. Wasan da ƙungiya za ta yi a gabansu tamkar ɗanɗanon da mai kilishi ke miƙa wa mai wucewa ne. In ya yi daɗi a zauna a yi ciniki, in bai yi ba a wuce rumfa ta gaba.

Matsalar da ta haifi kasuwar tsohuwa ce, kuma har gobe ana fama da ita. Afirka ta Yamma ba ta rasa gwanaye ba. Abin da ke wuya shi ne gwani ya rayu da sana'arsa. Ƙungiyar wasan kwaikwayo za ta yi rabin shekara tana gwaji, ta nuna wasan sau uku a garinsu, shi ke nan ya mutu. Faifai ya daina kawo kuɗi, abin da manhajojin sauraron kiɗa ke biya kuwa bai taka kara ya karya ba sai ga 'yan kaɗan da suka yi fice. Abin da ya rage wa mafi yawa shi ne hawa dandamali, a gari bayan gari.

Daga Beljiyam zuwa bakin tafki

An tsai da shawarar kafa kasuwar a 1990, a taron ministocin al'adu na ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a birnin Liège na Beljiyam. Ta fara ci a Abijan a 1993. Zaɓen birnin bai zo da mamaki ba. A shekarun 1970 da 1980 can ne makaɗan Mali, Gini, Kamaru da Kongo ke zuwa naɗar faifai da neman suna, can ne kuma hedikwatar kamfanin jiragen sama na Air Afrique, wanda ya haɗa manyan biranen yankin.

Kasuwar ta ci a 1995, 1997, 1999 da 2001 ba fashi. Sai tawayen watan Satumbar 2002 ya raba Kwaddibuwa gida biyu. An daure an yi ta a 2003, aka sake yi a 2007, daga nan ta yi shiru na shekara bakwai, ciki har da lokacin rikicin bayan zaɓe na 2010 zuwa 2011. A 2014 ta farfaɗo a hannun Farfesa Yacouba Konaté, malamin falsafa kuma masanin zane-zane. Gwamnatin ƙasar, hukumar birnin Abijan da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci su ne manyan masu ɗaukar nauyinta.

Cin kasuwar na 2020 ya zo a kan gaɓa marar daɗi. Ana tsakiyar wasanni, ranar 11 ga Maris, aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a ƙasar. Baƙi suka koma gida suka tarar ana rufe gidajen wasa, alkawuran da aka ƙulla a bakin tafki suka bi ruwa. A 2024 aka yi karo na 13, Ruwanda ce babbar baƙuwa, Koriya ta Kudu kuma baƙuwa ta musamman, ƙarƙashin sabon shugaba Abdramane Kamaté.

Mai kaya, dillali da mai saye

Duk wanda ya taɓa shiga kara ya san tsarin. Mai kaya shi ne ɗan wasa. Mai saye shi ne wanda ke da dandamali da 'yan kallo da kasafin kuɗi, yana neman abin da zai cike jadawalinsa. A tsakaninsu akwai dillali, wanda ya san farashi, ya san halin kowane mai saye, ya san wanda ke biya a kan lokaci da wanda sai an bi shi. La'adarsa takan kama daga kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin wasa.

Shiga kasuwar ma ba a banza ba ne. Watanni kafin ta ci ake buɗe ƙofar neman gurbi. Ƙungiyoyi masu ɗimbin yawa kan aika bidiyon wasansu da tarihinsu, wani kwamitin ƙwararru daga ƙasashe daban-daban ya tace, ya fitar da 'yan gommai. Wasu daga cikin waɗanda ba su samu shiga jerin kasuwa ba sukan samu gurbi a ɓangaren biki, wanda ake kaiwa unguwanni irin su Yopougon da Abobo don jama'ar gari.

Da dare ake kallo, da safe ake ciniki. Akan jera tebura a zaure, a ba kowane ɗan wasa ko manajansa 'yan mintoci a gaban mai saye, lokaci na cika a tashe shi wani ya zauna. A nan ake gane wanda ya shirya. Wani manajan zai zo da kati, da ƙaramin kundi mai hotuna, da farashinsa a rubuce. Wani kuma zai ɓata rabin lokacinsa yana neman bidiyo a waya, intanet na wahalar da shi, har a buga ƙararrawa. Sauran cinikin a farfajiyar otal ake yinsa, ko a gidajen abincin da 'yan Abijan ke kira maki, ana cin gasasshen kifi da acake.

Da wuya a sa hannu a kwantiragi a cikin kwana takwas ɗin. Manyan gidajen wasa na Turai sukan tsara jadawalinsu shekara guda ko biyu kafin lokaci. Wanda ya burge a Afrilun bana, in ya yi sa'a, sai bazarar baɗi zai hau jirgi. Kafin nan kuwa mai ganga na iya barin ƙungiya, ko a yi saɓani da manaja.

Tambayoyin da ke biyo bayan tafi

Mai saye ba ya tsayawa kan daɗin murya. Zai tambaya ku nawa ne, kuma za ku iya raguwa? Ƙungiyar mutum 14 da ta cika fili a Abijan, sau da yawa sai ta koma shida kafin wani ya iya ɗaukar nauyinta. Zai nemi takardar da ta lissafa makirfo nawa ake buƙata, ina kowa zai tsaya, wane haske za a kunna a wace gaɓa. Zai tambayi ko ƙungiya na da rajista da asusun banki da za a tura kafin alƙalami, ko fasfon kowa na da sauran kwana, ko waƙoƙin na da rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka.

Masu wasan kwaikwayo da 'yan barkwanci na da ƙarin nauyi, wato harshe. Kiɗa da rawa sukan tsallake iyaka ba tafinta. Wasan da aka gina kan zaurancen titin Abijan ko habaicin Bambara kuwa, sai an fassara shi a allo, kuma rabin dariyar takan zube a hanya. Shi ya sa makaɗa da 'yan rawa suka fi samun kasuwa.

Wannan ne dalilin da masu shirya MASA da takwarorinta suke ware safiya don bita ga manajoji da masu sarrafa sauti da haske. Sun lura cewa gwanintar dandamali ta yi wa ilimin takarda nisa.

Biza da kuɗin jirgi

Ko an sallama, sauran rina a kaba. Kuɗin neman bizar Schengen ta shiga Turai ya tashi zuwa Yuro 90 a watan Yunin 2024, kuma ba a mayarwa in an hana. Alƙaluman 'yan shekarun nan sun nuna kusan kashi 30 cikin 100 na masu nema daga Afirka ake hanawa, a wasu ƙasashen yammacin nahiyar ma abin ya haura 40. Matashin makaɗi marar aure, marar albashi, marar gida da sunansa, shi ne ainihin wanda jami'in biza ke zargin ba zai dawo ba. A Amurka kuma kuɗin takardar neman izinin wasa ya tashi a Afrilun 2024 daga Dala 460 zuwa sama da 1,600 ga wasu masu nema.

Nijar ta ɗanɗana wannan. A 2018 wasu 'yan ƙungiyar Tal National ta Yamai, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, sun rasa bizar shiga Birtaniya don bikin WOMAD, duk da cewa suna da gayyata kuma sun riga sun fitar da faifai a wani kamfanin ƙasar. Sauran suka hau dandamali a ragargaje. Peter Gabriel, wanda yana cikin waɗanda suka kafa bikin, ya fito fili ya koka.

Abin da ya fi ciwo shi ne tafiya a cikin nahiyar kanta. Air Afrique ya durƙushe a 2002. A Yamusukuro, babban birnin Kwaddibuwa, aka amince tun 1999 cewa za a buɗe sararin samaniyar Afirka ga jiragen Afirka, Tarayyar Afirka ta sake ƙaddamar da shirin a 2018, amma har yanzu tikiti tsakanin biranen yankin na iya kai kuɗin zuwa Paris, ga haraji, ga kwana a Lome ko Adis Ababa ana jiran wani jirgin. Mai shirya biki a Dakar zai ga ƙungiya daga Njamena ta burge shi, ya buga lissafin kujera takwas da kuɗin kaya, ya haƙura. Akwai asusun Art Moves Africa, wanda tun 2005 yake sayen tikiti ga 'yan wasa masu tafiya cikin nahiyar, sai dai masu nema sun fi ƙarfinsa.

Wa ake yi wa kiɗan?

Masu sukar irin wannan kasuwa suna da hujjarsu. Suna cewa tunda masu kuɗin daga waje suke zuwa, su ke yanke abin da ake kira wasan Afirka mai kyau. Ɗan wasa ya lura baƙo na son ƙwarya da garaya da tufafin gargajiya, sai ya ajiye abin da jama'arsa ke rawa da shi ya ɗauko abin da zai sayu. A fagen rawar zamani an daɗe ana wannan muhawara, inda ake zargin wasu ƙungiyoyi da tsara wasan da ya fi dacewa da zauren Turai fiye da filin unguwarsu.

Wasu kuma kuɗin suke dubawa. Gwamnati na kashe maƙudai a mako guda, in ji su, alhali garuruwa da yawa ba su da zauren wasa mai wuta da kujeru. Suna kuma tambayar a nuna musu ƙungiya nawa ce ta samu aiki bayan an watse, domin ƙirga 'yan kallo ya fi sauƙi a kan ƙirga kwantiragi.

Magoya baya na amsawa cewa ba kowace riba ke shiga takarda ba. Mai tsara rawa daga Wagadugu ya haɗu da makaɗi daga Kigali su ƙulla aiki tare, masu shirya bukukuwa uku su yarda su raba kuɗin jirgin ƙungiya guda, matashiya mai sarrafa haske ta samu gurbin horo. Suna ƙarawa da cewa kafin a samu kasuwa a gida, sai ɗan wasa ya kai kansa Turai kafin wani ya gan shi, yanzu kuwa mai saye ne ke tasowa. Su kuma 'yan Abijan, waɗanda ke cika harabar da iyalansu, biki suka sani, kuma ihunsu ma wani ma'auni ne da masu kati ke lura da shi.

Ba ita kaɗai ba ce

Tsarin ya daɗe a wasu wurare. A birnin New York, duk watan Janairu dubban masu gidajen wasa da dillalai kan hallara a taron APAP, kuma yankunan Amurka na da nasu ƙananan tarukan, kamar na Western Arts Alliance mai kula da jihohin yamma tun 1967. A Turai akwai WOMEX, wadda ta fara a Berlin a 1994, tana yawo daga birni zuwa birni.

A Afirka ma rumfuna sun ƙaru. Atlantic Music Expo ta fara a Praia ta Kef Bad a 2013. Visa For Music ta biyo baya a Rabat a 2014, a hannun Brahim El Mazned. Gidauniyar Music In Africa ta fara taron ACCES a Dakar a 2017, ta kai shi Nairobi, Accra, Johannesburg, Darussalam da Kigali. Sai dai waɗannan duk na kiɗa ne. MASA ce ta haɗa mai ganga da mai tatsuniya da ɗan alkafura a fili guda.

Dabarar da ta fi jan hankalin masu sana'ar daga kudancin nahiyar ta fito. A can wasu bukukuwa, ciki har da Bushfire na Eswatini, Azgo na Maputo da Sakifo na tsibirin Reunion, suka jera ranakunsu kusa da juna a watan Mayu da farkon Yuni ƙarƙashin haɗakar Igoda. Ƙungiya ta sauka sau ɗaya, ta yi wasa huɗu ko biyar, a raba kuɗin jirgi. Fatake sun san wannan tun zamanin ayarin goro, ba a tafiya Gwanja don kasuwa guda.

Inda makaɗan ƙasar Hausa suke

Makaɗin Hausa yana da tasa kasuwar, kuma ta girmi MASA nesa ba kusa ba. Narambaɗa na da ubangida a fadar Isa. Shata ya rayu da kyautar attajirai da sarakuna da direbobi. Ɗanmaraya Jos ya zaga ƙasashe da kuntiginsa. Mawaƙan yau na samu a biki da siyasa da wasan Sallah, a kira su Maraɗi ko Yamai ko zangon Kumasi, a yi magana ta waya, a tura kafin alƙalami, sauran a cike da liƙi. Tsari ne mai ciyar da mutane da yawa, ba ya kuma jiran kwamitin tacewa.

Sai dai iyakarsa inda masu jin Hausa suka tsaya. Mai gidan wasa a Seoul ko Montreal ba ya zuwa biki, ba ya liƙi, kuma hukumarsa ba za ta saki kuɗi ba sai da takarda. Ga shingen harshe, domin harkar MASA da Faransanci aka fi yinta, ko da yake ƙofa a buɗe take ga ƙasashe masu Turanci da Fotugis. Siyasa ma ta shigo. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, a watan Maris kuma suka sanar da ficewa daga ƙungiyar masu amfani da Faransanci, wadda ke cikin iyayen kasuwar. Hanyar mota daga Yamai zuwa Abijan ta cikin Burkina take bi, inda tsaro ya taɓarɓare.

Akwai waɗanda suka fita ba ta kasuwa ba. Mdou Moctar, Buzun jihar Tawa, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da salon sautin waƙoƙin fina-finan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahel har suka faɗa kunnen Ba'amurke Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, wanda ya bi sawu har ya gano shi. Yau yana cika manyan zauruka a Amurka da Turai. Masu shirya kasuwanni na cewa irin wannan dace ba a gina sana'a a kansa, aikinsu shi ne su rage wa na baya dogaro da shi.

A daren ƙarshe a Treichville, ana kwance lasifikoki ana loda su a mota. Ƙungiyar nan da ta yi wasa da la'asar tana ɗakin otal, mai ganga na naɗe kayansa da zane don kada fata ta fashe a jirgi. Manajansu ya baje katunan da ya tara a kan gado yana rarrabewa: waɗanda suka ce a aiko farashi, waɗanda suka ce a rage mutum uku, da waɗanda suka yi murmushi kawai. Wata mata daga wani biki a arewacin Turai ta rubuta wata da shekara a bayan katinta, da alamar tambaya. Fasfon mai jita zai ƙare kafin lokacin, don haka manajan ya sa sabunta shi a saman jerin abin da zai yi in sun sauka gida.